Abin da muka tattara kan gyaran aikin rigakafi a asibitocinmu

Jama'a, maganar da muka yi kan yadda za a gyara rigakafin yara ta yi tsawo, ga abin da na tsinta daga bakin 'yan Garwa, Marwa da Kuseri a arewacin Kamaru.

1. Kusan kowa ya yi kuka da dogon jira. Uwa ta zo da sassafe, sai azahar a ce ba za a buɗe kwalbar allurar ƙyanda ba don yara ba su taru ba. Ma'aikatan jinya sun bayyana dalili: in an buɗe kwalbar an haɗa allurar da ruwanta, bayan awa 6 zubarwa ake yi. Masu rinjaye suka ce gara a yi asarar saura da a mayar da yaro gida, don da wuya uwar ta dawo. Ni ma can na karkata.

2. Sanyi. Yawancin alluran suna son digiri 2 zuwa 8, ga zafin Afrilu, ga ɗauke wuta. An haɗu kan firij mai aiki da hasken rana.

3. A duba katin rigakafin yaro duk lokacin da aka kawo shi, ko da tari ne ya kawo shi, don a ga ko akwai allurar da ta wuce shi.

4. Allurar zazzaɓin cizon sauro, wadda Kamaru ta fara a Janairun 2024, sau 4 ake yin ta. A faɗa wa uwa ranar dawowa da Hausa ko Fulatanci, rubutun Faransanci a kati bai isa ba.

An rabu kan yin rigakafi ranar kasuwa. Wasu sun ce ran nan matan ƙauye ke shigowa, wasu sun ce ciniki ba zai bar su tsayawa layi ba.