Neman shawara: tunda na fara maganin fitsari maniyyi ya daina fita

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a ɓoye sunana. Shekarata 56, ina zaune a Ƙofar Ƙaura cikin Katsina. Na daɗe ina fama da fitsari, dare ɗaya sai in tashi sau biyar, in tsaya ina yunƙuri yana ɗiga. Likita ya ce furostet ne, wato wani ƙullun nama da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, ya kumbura, ya ɗora ni kan tamsulosin 0.4, ƙwaya ɗaya kullum. Alhamdulillahi fitsari ya saki. Amma yau wata biyu ke nan, idan na kusanci iyali komai yana tafiya daidai har biyan buƙata, sai dai babu abin da ke fita, ko ya fita ɗan kaɗan. Amaryata ba ta taɓa haihuwa ba, kuma kullum maganarta ke nan. Kunya ta hana ni komawa wurin likita. Shin na lalace ne, ko in ajiye maganin?

Baban Ummi, Daura: Wa alaikumus salam Alhaji. Kada ka ajiye shi da kanka. Yayana ya yi haka, kwana kaɗan fitsari ya toshe masa cikin dare, sai da aka sa masa roba a asibiti.

Mai koyar da ilimin aikin jiki: Baba, ka kwantar da hankalinka, maraina suna nan suna aikinsu. Matsalar a hanya take. Daga kowane maraini akwai siririn bututu mai kai ƙwayoyin haihuwa sama, bangonsa tsoka ce irin ta hanji, wadda ba ka da iko a kanta. A lokacin biyan buƙata jijiyoyi suna sakar mata sinadari biyu tare. Na farko ATP, sinadarin da ƙwayoyin jiki ke samun makamashi daga gare shi, wanda yake sauka a kan wata ƙofa da ke jikin tsokar mai suna P2X1. Da ya taɓa ta sai ta buɗe, sodiyam da kalsiyam su kwarara ciki, tsokar ta fizga nan take. Na biyu noradirenalin, shi ƙofarsa alfa-1A, kuma matsarsa a hankali take zuwa amma tana daɗewa. Kamar masu jan guga biyu ne a rijiya ɗaya, ɗaya ya fizgo, ɗaya ya riƙe ya ƙarasa. Maganinka ƙofar alfa-1A yake rufewa domin furostet da bakin mafitsara su saki, to ita wannan ƙofar tana nan a bututun maniyyi da jakunkunan da ke tara ruwansa, shi ya sa turawar ta yi rauni.

Abin da ke burge ni a wannan fanni shi ne yadda aka gano shi. A 1972 wani masanin kimiyya mai suna Geoffrey Burnstock ya ce jijiya tana aika saƙo da ATP, masana da yawa suka ƙi yarda, don a lokacin makamashin ƙwayar halitta kawai aka ɗauke shi. A 2000 masu bincike a Ingila suka samar da ɓeraye marasa P2X1: suna barbara lafiya, ƙwayoyin haihuwarsu lafiya, amma haihuwa ta ragu da kusan kashi 90 cikin ɗari. A 2013 a Jami'ar Monash ta Ostareliya aka cire ƙofofin biyu tare, babu namijin ɓera ko ɗaya da ya yi wa mace ciki. Daga nan ake neman maganin tazarar haihuwa na maza wanda ba ya taɓa sha'awa.

Mai harhaɗa magunguna, Ƙofar Soro: Gaskiya malam ya faɗa. Ina ganin wannan ƙorafi a kanti, yawanci sai mutum ya jira kowa ya watse sannan ya rage murya. Abin yana komawa daidai idan aka tsayar da maganin ko aka canza shi. A cikin magungunan furostet irin naka, silodosin ya fi tamsulosin jawo haka, alfuzosin kuma bai cika yi ba. Ka gaya wa likita a fili cewa kana neman haihuwa, shi zai zaɓa. Ka lura kuma ko fitsarin farko bayan saduwa yana fitowa fari-fari kamar ruwan shinkafa. Idan haka ne maniyyin baya yake komawa cikin mafitsara, kuma ciwon suga ma yana kawo wannan, sai a auna fitsarin a gani. Don Allah ka bar haɗe-haɗen ƙarin ƙarfi na bakin tasha, wasunsu da maganinka idan sun haɗu suna iya sa jininka ya sauka sosai har jiri ya kayar da kai.

Malam na Sabuwar Unguwa: Ƙarin bayani Alhaji, wankan janaba yana kanka da zarar an sadu, ko an fitar ko ba a fitar ba. Ka kuma zaunar da amarya ka yi mata bayani, kada ta ɗauka laifinta ne.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ina da suga shekara shida, ban taɓa kawo shi cikin lissafi ba. Jiya da dare na yi wa amarya bayani, ta ce tare za mu je. Ranar Litinin in sha Allahu zan ɗauki kwalin maganin da katin suga in koma wurin likita.