Kuka ba rashin bangaskiya ba ne: shawarwarin waɗanda suka yi rashi

A zantawar da muka yi da wasu 'yan'uwa masu bi da suka ɗanɗana rashi, abin da aka fi nanatawa shi ne kada a hana mutum kuka. Wata baiwar Allah da mijinta ya rasu ta ce ta yi watanni tana ajiye kofi biyu da safe kafin ta tuna, sai hawaye, sai kuma kunya, tana ganin bangaskiyarta ce ta gaza. Aka tuna mata cewa Yesu kansa ya yi kuka da aka kai shi kabarin Li'azaru, alhali ya san zai tashe shi. Manzo Bulus ma, a 1 Tasalonikawa 4:13, baƙin ciki irin na marasa bege ya hana.

Idan addu'a ta gagara, a ari bakin Zabura. Ta 88 da duhu ta ƙare, amma Allah take kira tun daga farko.

Kan masu zuwa ta'aziyya aka fi daɗewa. Abokan Ayuba sun zauna da shi kwana 7 ba wanda ya ce uffan, sai da suka fara neman dalilin wahalarsa suka ƙara masa ciwo. Wannan ta shige ni ƙwarai, domin ni ma na taɓa saurin janyo wa mai makoki Romawa 8:28, ayar da ta ce kome yana aiki tare domin alherin masu ƙaunar Allah, tun hawayensa bai bushe ba. Shawarar 'yan'uwan da muka zanta da su: ka zauna, ka saurara, ka ambaci sunan mamacin, ka kuma komo bayan watanni, lokacin da ƙafa ta ɗauke.

In rashin barci da ƙin cin abinci suka yi tsawo, a ga likita, ana ci gaba da addu'a.