Ta yaya ɗan koyo zai gane hanyar dajin da ba ta fi ƙarfinsa ba?

Sabon Hannu: Assalamu alaikum jama'a. Shekara shida ina tara kuɗin motar nan. Sau biyu ina dab da saye lalura ta cinye kuɗin, na farko jinyar mahaifiyata, na biyu iska ta yaye mana rufi. Tun ina yaro, in na ga mota ta bar kwalta ta nausa daji sai in ce wata rana sai ni. Yau wata uku da mota ta zo hannu, ko burji ban taka da ita ba. Na yi wa ɗana alkawarin za mu fita ranar Asabar, maiɗakina kuma ta ce ba da yawunta ba. Wallahi bacci ya gagare ni. Ina ake samun hanya mai sauƙi?

Tsohon Direba: Wa alaikumus salam. Malam, ka ba mu tarihin kuɗi amma ba ka faɗi motar ba. Tana da 4L, wato giyar ƙarfi ta tafiya a hankali a mugunyar hanya? Yashi ne a wajenku, laka ko dutse?

Sabon Hannu: RAV4 ce, ƙafa huɗu duk suna ja.

Tsohon Direba: To RAV4 ba ta da 4L, kuma tsakanin cikinta da ƙasa wajen santimita 20 ne kawai. Hanyarka ita ce busasshiyar burji wadda ka ga sawun ƙananan motoci a kanta, mai wurin juyawa. Ka fara taka ta da ƙafa. Ka dubi tudun da ke tsakanin sawun tayoyi, domin shi ke fasa ƙasan inji. In ka ga rafi, ka juya. Ruwa mai gudu santimita 30 yana iya ɗaga ƙaramar mota, in kuma inji ya shaƙi ruwa ya tashi aiki. Sannan mota biyu ake fita, ba ɗaya ba.

Mai Taswira: Ɗan'uwa, ka sauke manhajar Wikiloc a waya. Mutane na ɗora hanyoyin da suka bi, da tsawonsu da matakin wahalarsu. Ka haɗa da hoton tauraron ɗan'adam na Google Maps, ka adana taswirar a waya tun kana gida.

Tsohon Direba: Hoton nan yana iya shekara biyu ba a sabunta shi ba. Ruwan dare ɗaya ya isa ya mai da hanya kwazazzabo. Kuma wanda ya rubuta "mai sauƙi" wataƙila Land Cruiser yake ja.

Uwar Biyu: Ni maganar mota biyun ce ta taɓo min ciwo. Na bi ayari bara, na kafe a taɓo, wani ya ɗaura igiya a inda ba a ɗaurawa ya fizge min bamba. Ko sannu ba wanda ya ce min, ni na biya gyara, har yau ba su kira ni ba. Yawan mutane ba shi ne tsaro ba.

Mai Taswira: Allah ya mayar da alheri, Hajiya. Malam, ka rage iskar taya zuwa 18 psi a ma'aunin iska kafin ka shiga.

Tsohon Direba: A yashi ke nan. A kan dutse, siririyar tayar kwalta ba iska, gefenta zai tsage. Yana ma da famfon da zai mayar da iskar in ya fito?

Sabon Hannu: Ba ni da famfo, amma akwai jak da safaya. Baba, ina girmama maganarka, sai dai ba ni da wanda zan kira ya raka ni, kuma na ga bidiyon irin motata tana hawa babban tudu. Ba gudu zan yi ba. Yaron nan kullum sai ya ƙirga min kwanaki.

Tsohon Direba: Saboda yaron nake magana. Ko shebur ka saya, ka ɗauki ruwan sha, ka gaya wa mutanen gida hanyar da lokacin dawowarka.

Uwar Biyu: Ni da shebur ɗin da komai na je, me ya hana?

Sabon Hannu: Na samu wata hanya a taswira, kilomita 14, rafi ɗaya ne kacal a tsakiya kuma a hoton ya bushe. Wannan fa?