Neman kalma: me za mu kira "disto" da Hausa?

Salamu alaikum makaɗa da masu sauraro, na Garwa da Marwa da Ngaundere, da ku na Kuseri da na tsallaken gada a Njamena. Gardamar da ake ta yi kwanakin nan kan jitocin Epiphone masu suna Prophecy ita ta sa na buɗe wannan maganar, don na lura duk wanda ya zo faɗin ra'ayinsa yana tafiya sumul da Hausa har sai ya iso kalma ɗaya, nan sai ya yi tuntuɓe. Wani ya ce disto, wani ya ce satirasiyo, masu bin bidiyon 'yan Najeriya su ce distoshon, wani kuma ya ce "ƙarar nan dai". To ƙarar nan dai wacce? Wannan kauri da yajin da sautin jitar kuran ke yi in an tura masa ƙarfi fiye da kima. Mu sama mata suna mu huta.

Ga wanda bai bi gardamar ba: Epiphone kamfanin ƙera jita ne da ke ƙarƙashin kamfanin Gibson tun 1957, a 2020 suka sake fito da jerin Prophecy don masu kiɗan metal da dangoginsa, akwai mai siffar jitar Gibson ɗin nan Les Paul, akwai SG, akwai Flying V da wata Extura. Gaɓoɓin wuyan, wato inda ake danna tsirkiya, 24 ne maimakon 22 da aka saba gani a Les Paul, kuma mikro ɗin jikinsu, wato abin da ke ɗauko sautin tsirkiya, na kamfanin Fishman ne, Fluence, irin masu cin batir. Masu yabo suna cewa ko ka murɗa ampili, na'urar ƙara ƙarfin sauti, har ƙarshe kana jin kowace tsirkiya daban, ba ta cakuɗewa. Masu kushe suna cewa sautin ya yi tsabta da yawa, babu rai, duk wanda ya ɗauka abu ɗaya zai fito. Akwai kuma dattawanmu na orkes da ke cewa duk wannan kayan yara ne, abin yana hannu da ampili ba a katako ba. Kuma akwai wani bawan Allah da abin da ya dame shi kawai shi ne batir, ya ce shi ba zai sayi jitar da za ta mutu masa a tsakiyar biki ba don ya manta bai zare jak, wato wayar da ake sokawa a jikin jitar, ba jiya da dare. Wannan kam ban ga laifinsa ba, irin waɗannan mikro ɗin muddin jak na soke batir na ci ne ko ba ka kaɗawa.

Duk ɓangarorin nan abu ɗaya suke magana a kai, shi ne abin da ba mu da sunansa.

Bari mu fara da mene ne shi kansa abin. Tsirkiyar ƙarfe tana kaɗawa a saman mayen ƙarfe da aka naɗe da siririyar wayar tagulla, wannan motsin yana haifar da ɗan kuran mai hawa da sauka, ampili ya ƙara masa ƙarfi, bafil ya maida shi sauti. In ka tura wa ampili fiye da abin da zai iya ɗauka, ba zai iya bin hawan har ƙololuwa ba, sai ya yanke kan. Kamar mai awon gero ne ya cika mudu, ko koro kamar yadda ku 'yan Cadi kuke cewa, ya yi masa tozo sannan ya sa hannu ya shafe tozon. Wannan yankewar ita ke haifo wasu ƙananan sautuka a saman na asali, sai murya ta yi kauri ta yi yaji, kuma ta daɗe ba ta mutu ba. Shi ya sa ma 'yan metal ba su cika kama cikakken akor mai tsirkiya shida ba, biyu ko uku suke dannawa, don in ka zuba sautuka da yawa cikin disto mai ƙarfi 'ya'yan da suke haifa suna faɗa da juna, sai ka ji taɓo kawai.

Kalmar farko da aka kawo ita ce murɗiya, don wai ma'anar kalmar turawan kenan. Ni ban yarda ba. Bahaushe in ya ji murɗiya zaɓe zai tuna, ko ciwon ciki. Ka ce wa mai sono, wato mai kula da kayan sauti, "ƙara min murɗiya" ka ga irin kallon da zai maka. Gurɓata ma haka, da ɓaci, da lalacewa, dukkansu suna cewa abu ne ya samu matsala a kai shi wurin mai gyara. Gaskiya ne da ɓarna abin ya fara, Dave Davies na ƙungiyar Kinks a Ingila a 1964 reza ya sa ya tsaga takardar bafil ɗin ƙaramin ampilinsa don ya samu sautin. Amma tun 1962 Gibson suka fito da fedal ɗin Maestro Fuzz-Tone, ɗan akwatin da ake takawa da ƙafa, wanda aikinsa kenan, Boss suka fito da DS-1 a 1978, Metal Zone a 1991, wannan na ƙarshen ma kusan duk wanda ya taɓa shiga wani studiyo a Yawunde ko Duwala ya gan shi. Abin da mutum ke cire kuɗinsa ya saya da gangan ba za a kira shi lalacewa ba.

Kuma mu daina yi kamar kunnenmu bai san abin ba sai da bature ya kawo. Ganga tana da zare da aka gitta a kan fata don in an buga ta yi wannan zizar. Mai garaya yana maƙala ɗan ƙarfe mai zobba a kan wuya don kowane bugu ya zo da rakiya. Masu balafo suna huda ƙoren da ke ƙasa su liƙe ramin da siririn abu don ya dinga zuzz. Ba wanda ya taɓa cewa gangar fadar lamiɗo ta lalace. Mu dama sauti garau shi kaɗai yana mana kamar miya ba gishiri ne a kunne, sai an sa masa abin da zai ɗan kama.

To ga waɗanda suka rage a faifai: kaushi, dishewa, ruri, rugugi, ƙugi, gurnani.

Dishewa ta fita, muryar da ta dishe ƙarfinta ya ragu ne, disto kuwa ƙarfi yake ƙarawa. Rugugi na hadari ne, daga nesa yake zuwa kuma ba ka iko da shi, ya fi dacewa da bas da manyan ganguna. Ruri na so shi da farko amma ruri abu ne na lokaci ɗaya, sa ya yi ruri ya yi shiru, kuma ba a cewa "ɗan ruri kaɗan", alhali maɓallin nan daga 0 zuwa 10 yake, dole kalmar ta yarda a rage ta a ƙara ta.

Kaushi kam kalma ce mai kyau, muna cewa kakkausar murya dama. Sai dai ta yi sanyi ga abin da jitocin nan aka yi su dominsa. Ni a ganina kaushi ya zauna wa ɗan ƙaramin disto ɗin nan da turawa ke kira obadiraib, wanda in ka taɓa a hankali sauti na nan garau, in ka danna da ƙarfi sai ya ɗan tsage. Irin wanda za ka ji a wurin makaɗan Agadas, su Bombino da Mdou Moctar, ko da yake shi na biyun in ya yi zafi yana wuce kaushi nesa.

Ni gurnani na zaɓa. Gurnani daga ƙirji yake fitowa ba daga baki ba, yana da ƙasa, yana ja ba ya yankewa, kuma mai yinsa lafiyarsa ƙalau, gargaɗi ne yake yi. Ku gwada ta a baki: ƙara gurnani, rage gurnani, fedal ɗin gurnani, jitar nan gurnaninta ya fi na waccan tsabta, taka gurnani in an shiga amshi. Ba inda harshe ya sarƙe.

Kuma ta dace da tarihin kiɗan kansa. Tony Iommi na Black Sabbath, mutanen Bamingam, injin masana'anta ya datse masa kan yatsu biyu yana ɗan shekara 17, ya dinga sa wa yatsun hular roba yana amfani da siraran tsirkiya, daga 1971 kuma ya sassauta su ya sauke jitar daga Mi zuwa Do diyez don yatsun su samu sauƙi, sai sautin ya yi ƙasa ya yi duhu. Tun daga nan tseren ƙasa ake yi. Babbar tsirkiyar jita ta Mi tana kaɗawa kusan sau 82 a daƙiƙa, da Ibanez suka fito da mai tsirkiya 7 tare da Steve Vai a 1990 aka samu Si na ƙasa mai kusan 62, su Meshuggah na Suwidin suka wuce zuwa tsirkiya 8. Wannan ba ihu ba ne, ba kuwwa ba ce, gurnani ne.

Ƙari, bayan na karanta amsoshinku.

Yayana na Marwa, ka ce ai kyanwa ma tana gurnani in ana shafa ta, to ina tsoron yake. Wallahi ka taimake ni ne ba ka sani ba. Kalmar da ta ɗauki kyanwa a cinya ta ɗauki zakin Waza ita muke nema, maɓalli a 2 da maɓalli a 10 kenan.

Malam na Njamena da ya ce mu bar disto yadda take tunda kowa ya gane, kamar yadda muka bar rediyo da mota. Allah ya ƙara girma, ban ƙi ba, kuma na san a studiyo disto za a ci gaba da cewa, ni ma zan faɗa. Amma kowa ɗin nan da ka ce ya gane, makaɗa ne da suka yi lakwal. Yaron da aka kawo maka daga Gidar ko Yagwa ya koyi jita, in ka ce masa disto haddacewa kawai zai yi, in ka ce masa gurnani ya riga ya san abin da kunnensa zai nema kafin ka taka fedal. Kuma disto tamu ce mu na ɓangaren Faransanci, ka rubuta ta ɗan Kano ko ɗan Yola ya karanta sai ya tambaye ka. Gurnani ba ta buƙatar fasfo.

Ƙanwata da ta tambaya to mawaƙan metal ɗin nan masu yin murya daga maƙogwaro fa, su me za a ce suna yi tunda an ba jita kalmar. Gurnanin murya da gurnanin jita, shike nan, ba faɗa. Su kansu turawan sunan da suka ba wannan salon waƙar ma'anarsa kenan. In kina son ji daga bakin 'yan Afirka ki nemi Overthrust na Botsuwana ko Arka'n Asrafokor na Togo, kada dai ki kunna kusa da Hajiya.

Sai ƙugi. Wanda ya kawo ta yana ta nacewa, to ƙanena ba a yar da ita ba, aiki aka sama mata. Ka san wannan huuum ɗin da ke fita daga bafil ko ba ka taɓa tsirkiya ba, musamman in wayar gidan ba ta da ter, wato wadda ake binnewa a ƙasa, ko ana kan gurup? Wannan shi ne ƙugi, na kuran ne, namu mai juyi 50 a daƙiƙa, na Amurka 60. Mikro mai naɗi ɗaya irin na Stratocaster yana kwaso shi, in ka ƙara gurnani ƙugin ma ya ƙaru tare. Shi ya sa Seth Lover na Gibson ya haɗa naɗi biyu masu saɓa wa juna a 1955, ƙugin ɗaya ya kashe na ɗaya, sautin tsirkiya kuma ya haɗu ya yi kauri, aka fara sa shi a Les Paul a 1957. Sunan da suka ba shi ma'anarsa mai ture ƙugi ne, mu sai mu ce kashe-ƙugi. Ka ga in muka ba disto sunan ƙugi mun haɗa abin da ake so da abin da ake gudu a suna ɗaya, mai sono zai rasa wanne za ka ce ya rage.

Yanzu da kalmomin a hannu ku ji yadda gardamar Prophecy ta koma gajera. Masu yabo: gurnaninta na da tsabta kuma ba ƙugi. Masu kushe: gurnani ne na inji, ba kaushin hannu a ciki. Dattawa: gurnani a ampili yake. Ni ina tare da dattawa rabi, don ka ɗauki jitar nan ka soka a ƙaramin bafil ɗin da ake tallan magani da shi a kasuwa ba abin da za ka ji sai zizar sauro, amma kuma ƙarya ne a ce mikro ba ya komai, wanda ya taɓa sauke Mi zuwa Re a kan jita mai naɗi ɗaya ya taka Metal Zone ya san abin da nake faɗa. Abin da zan ce wa mai niyyar saye a nan arewa shi ne ya duba kiɗan da ke ba shi abinci tukuna. In bikin aure ne da sukus da makosa da ɗan bikutsi, sautinka garau ne da ɗan kaushi, gaɓa 24 da gurnani ba su za su biya maka haya ba. In kuwa ranka metal ɗin yake so to bismillah, ka dai ajiye batir na biyu a jaka, ka kuma kula da wuyan jitar lokacin hunturu don busasshiyar iskar nan tana sa katako ya motsa har bakin gaɓoɓin ya fara yankan yatsa.

Baffa na Ngaundere, usoko da ka ce za ka fara amfani da gurnani wurin koyar da yaranka. Tambayarka ta biyu kuwa, ta sunan shi mikro ɗin jikin jita tunda ba makirfo ba ne, murya ba ta shigarsa, ƙarfe kawai yake ji: mutum biyu sun ce kunne, amma wasu sun riga suna kiran abin ɗaure tsirkiya kunne, za a rikice. Wani ya ce maye tunda mayen ƙarfe ne a ciki. Ni dai ba zan shiga shagon Alhaji na ce a ba ni maye biyu ba, ku kawo wata.