Ampul mai murɗe ko LED: ina za a kai waɗanda suka mutu?

Mamman Sani, Zariya:
Assalamu alaikum. Muna so mu canza ampul ɗin gida saboda faktir ta yi nauyi. An ce farin nan mai murɗe da neyon akwai guba a ciki. Gaskiya ne? In sun mutu, bola za a kai su?

Mai Gyaran Wuta, Sabon Gari:
Wa alaikumus salam, Malam. Gaskiya ne, zaiba ce a ciki, kimanin miligiram 3 zuwa 5 a kowane mai murɗe. Muddin gilashin bai fashe ba, babu abin da ke fita. LED kuwa ba ta da zaiba.

Ga lissafin wuta: hasken da tsohon ampul mai wat 60 ke bayarwa, mai murɗe na wat 14 zai ba ka, LED kuma na wat 9. Awa 5 kullum, a wata tsohon ya ci kilowat-awa 9, LED ba ta kai 1 da rabi ba. Kada ka ƙara sayen mai murɗe. Ƙasashen yarjejeniyar Minamata, ta rage amfani da zaiba a duniya, ma sun tsai da 2025 a daina ƙera shi.

Hajiya Malamar Asibiti:
Ɗana, bola ita ce inda bai kamata su je ba. A nan shara ko a cinna mata wuta, ko a kwashe ta a amalanke zuwa gona a matsayin taki. Wuta na mai da zaiba tururi, yara su shaƙa, kuma ƙwaƙwalwa da ƙoda take taɓawa. In ya fashe a ɗaki, a fitar da yara da mai ciki, a kashe fanka, a buɗe ƙofa da taga minti 15. Kada a sa tsintsiya, watsa garin take yi. A kwashe da kwali, a bi ƙasa da salatif, a goge da jiƙaƙƙen tsumma, duka a zuba a kwalba mai murfi. Waɗanda ba su fashe ba a naɗe su a takarda, a ajiye a katon inda hannun yaro ba ya kaiwa.

Mai Gyaran Wuta, Sabon Gari:
Hajiya ta gama magana. Sai dai LED mai arha ita ma shara ce. Ba ƙwayoyin hasken ke fara mutuwa ba, ɗan kwandansatan da ke gindi, mai daidaita wutar da ke shiga, shi ne zafi ke busarwa, balle a watan Afrilu ƙarƙashin rufin kwano. Ka duba jikinta: mai 85 zuwa 265 bolt ta fi jure hawa da saukar wuta. Ka ɗauka a hannu, mai ɗan nauyi akwai alminiyam a ciki mai janye zafi. Kada a rufe ta cikin gilashin da iska ba ta shiga.

In ta mutu, ɓalle farin murfin. Ƙwayar da ta ƙone za ka ga baƙin ɗigo a kanta. Mai gyaran rediyo na iya haɗe wurin da dalma, ta sake kamawa.