Shin kaka tana da haƙƙin riƙon jikokinta bayan rasuwar mahaifiyarsu?

Maman Sadiƙ, Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Ina tambaya ne a madadin mahaifiyarmu. Yayata ta rasu bara, ta bar namiji mai shekara 6 da mace mai shekara 3. Bayan sadakar arba'in mijinta ya kwashe su ya kai wa uwargidansa a Rigasa, kuma tun daga lokacin ko ganinsu ya hana Hajiya, yana cewa 'ya'ya na uba ne. Shin tana da hurumin kai ƙara?

Malam Na-Zariya:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙanta. Surukinku ya haɗa abu biyu da Malikiyya ta raba: waliccin yaro na uba ne, amma reno na ɓangaren uwa ne. Risala ta Ibn Abi Zaid ta bayyana cewa idan uwa ta rasu ko ta yi aure, reno yana komawa ga kaka, sannan 'yar'uwar uwa, wato ke kanki kina gaban uban a wannan jeri. Namiji ana riƙe shi har ya balaga, mace kuwa har ta yi aure ta tare. A Muwaɗɗa ma an ruwaito cewa Sayyidina Umar ya yi jayayya da kakar ɗansa Asim, Sayyidina Abubakar ya yanke a bar mata yaron. Ciyarwa da tufatarwa kuma suna nan a wuyan uba ko yaran suna hannun wa.

Lauya a Kawo:
Na yarda da Malam, sai dai alƙali ba jerin kawai yake dubawa ba. Zai tambayi lafiyar Hajiya da ƙarfinta, da amincin gidan da za su zauna, da makomar karatunsu, domin maslahar yaro ita ce gaba, kuma haka dokar kare yara ta Jihar Kaduna ta 2018 ta tanada. Kotun shari'ar Musulunci, irin ta Magajin Gari, za ku nufa, kuma wanda hukunci bai gamsar ba yana iya ɗaukaka ƙara har Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, wadda sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya ba ta hurumin irin wannan magana. Kada ku yi jinkiri, domin dogon shiru yana iya zama hujja a kanku.

Baban Khalifa:
A ganina, a fara tura dattawan ɓangarorin biyu da limamin unguwa tukuna. Ko Hajiya ta yi nasara, uban ne zai riƙa biyan kuɗin makaranta da na asibiti, kuma mutumin da aka ja kotu ba kasafai yake sakin hannu ba.

Maman Sadiƙ, Tudun Wada:
Na gode ƙwarai. Kawunmu ya je sau da dama bai samu fuska ba, amma za mu gwada liman wannan Juma'ar kafin mu nemi lauya.