Musayar Waƙa: Dokin da Ya Faɗa f7

Wasan ces ne na gasar kulob. Harafi da lamba, kamar f7, sunan gida ne a allon wasan. An buɗe da kurtu e4 kurtu e5, doki f3 doki c6, bishof c4 doki f6, sai farare suka kai doki g5, baƙaƙe suka tura kurtu d5. Baƙaƙe sun sha kashi, aka koma baiti.

Mai Farare:
Ƙanena, ga gaisuwa ga jaje,
Jiya sarkinka ya kwan a waje.
Na ci kurtun d5, ka rama da doki,
Ka bar f7 sai sarki, ba mataimaki.
Dokina ya faɗa can ya ba da rai,
Sarauniya ta leƙo f3, sarki ya fito sarai.
Ya taka e6 don ya riƙe dokinsa,
Na ƙaro doki c3, uku suka taru a kansa.

Mai Baƙaƙe:
Yaya, rage kuri, ba hikimarka ba ce,
Hadda ka yi, tsohuwar dabara ce.
Polerio, gwanin ces na Italiya, ya rubuta ta,
Shekara 400 da ɗoriya ana maimaita ta.
Dokin g5 ɗin nan da kake wa kirari,
Tarrasch, gwanin Jamus, ya ce takun ɗan koyo ne tun fari.
Agogo ne ya matse ni har na rikice,
Da na kai doki b4, ai da na kuɓuce.

Malama Mai Kallo:
Samari, na ga wasan tun daga farko,
A taku na 5 baƙaƙe suka taka tarko.
Ba a rama d5, doki a5 ake kaiwa,
Bishof ya bar layin f7, ka samu numfasawa.
Kurtu ɗaya za ka bayar, kar ya dame ka,
Da h6 da e4 ka kori dokin, fili naka.
Kai kuma mai farare, bar murmushi,
In an koro dokin nan, ina za ka kai shi?
Steinitz, zakaran duniya na da, h3 ya riƙa kai shi, can gefen allo,
Fischer, gwanin Amurka, ya maimaita a 1963, gwanaye na kallo.

Mai Farare:
Haba Malama, kin tona ni gaban yaro!
Makamin guda ne, shi ma na aro.

Mai Baƙaƙe:
To zagaye na gaba mu sake zama,
Kawo g5 ɗin, a5 na jira, ba tantama.
Baƙaƙen zan riƙe, kar kowa ya sauya,
Mu ga ko haddar ta wuce taku 8, Yaya.